Bayan Ragar Yayana

Yayana ya rasu a daminar da ta wuce. Tun daga lokacin mutane ke zuwa yi mini gaisuwa, kuma duk wanda ya kai shekarunmu sai ya tabo zancen zamanin da yake gola. Suna cewa ciwon ido ne ya raba shi da ƙwallo. Haka ne, amma akwai saura, kuma da hannuna a cikin sauran.

Shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa ne. Ko'ina a Gombe gini ake yi. Yaya mai walda ne, rumfarsa tana kan hanyar Malam Inna, yana haɗa ƙofofi da tagogin ƙarfe na sababbin gidajen gwamnati na Lokos, aiki har ya fi ƙarfinsa. Ni kuwa tela ne a babbar kasuwa. Iyayenmu daga ƙasar Katsina suka zo, mu a nan aka haife mu. Ya girme ni da shekara huɗu, kuma ban taɓa kiran sunansa ba.

Kulob ɗinmu na unguwa ne: 'yan tebur, leburorin gidan auduga, malaman makaranta biyu. Yaya ya shekara tara a raga. Kowace shekara kafin a fara gasa mukan yi wasannin gwaji guda huɗu, a nan Koci yake zaɓar waɗanda za su buga kakar. Da can ba a ko tambayar wanda zai tsare raga. A shekarar nan kuwa wani dogon matashi ya gama sakandare ya shigo kulob, da safar hannu irin ta gololin cikin jarida. Yaya da hannu tsirara yake kama ƙwallo.

Mu magoya baya muna da wurinmu. Bayan ragar golanmu muke tsayawa, in aka tafi hutun rabin lokaci mu kwashi ganguna mu bi shi ɗaya ɓangaren. Babu igiya, babu shinge. In ka miƙa hannu sai ka taɓa turke.

Wasan farko a Kumo aka yi. Mun tafi a bayan babbar mota, Koci a gaba. Shi Bafillace ne, direban kuwa Babarbare, tun daga tasha suke abu ɗaya.

"Taka a hankali, bawana," in ji Koci. "'Yan wasa ka ɗauko, ba buhunan wake ba."

"Wake ya fi su tsada. Kai da ka saba bin shanu a ƙasa, me ka sani game da mota?"

An ci mu uku da ɗaya. Biyun farko ban kawo komai a raina ba. Na ukun ne har yau nake gani. Lamba bakwai ɗinsu ya gangaro ta hagun Yaya, ya bugo ƙwallo a ƙasa, ba ƙarfi, irin wadda Yaya kan ɗauka da hannu ɗaya yana yi wa ɗan gaba dariya. Ta wuce ta gefen ƙafarsa, ta zo ta tsaya a gabana. Bai motsa ba. Yana duƙe, hannuwa a buɗe, yana kallon gabansa, yana jiran ƙwallon da ta riga ta shiga. Sai da 'yan Kumo suka yi ihu sannan ya waiga.

A mota kowa yana faɗin nasa: wasu suka ce an binne wani abu a ragar, wasu suka ce rana ce ta kashe masa ido. Ni na lissafa a zuci. Duka ukun ta hagu suka shigo.

Washegari da hantsi na rufe shago na tafi rumfarsa. Yana zaune yana goge wani ƙarfe. Ban yi sallama ba. Na zagayo ta hagunsa na miƙa masa goro, kusa da kuncinsa. Na daɗe a haka, hannuna a miƙe. Bai gan ni ba.

"Yaya."

Ya zabura, ya juyo da kansa gaba ɗaya. Ya dubi goron, ya dube ni. Ya ajiye ƙarfen.

"Zauna, Tela."

Ya ce tun kafin azumi ne. Yana yankan ƙarfe ba tabarau, wani ɗan ɓarɓashi ya faɗa masa a idon hagu. Ya cire da bakin riga, ya sa kwalli, ya ci gaba da aiki don ana jiran ƙofofi. Idon ya yi ja na mako biyu, jan ya tafi, ganin ma ya bi shi a hankali. Na leƙa idon. Lafiya lau kamar ɗayan, sai wani ɗan ɗigo fari da ba ka lura da shi in ba an nuna maka ba.

"Wa ya sani?"

"Kai ne na farko. Ko matata ba ta sani ba."

"Yaya, ai dole Koci ya ji."

"Ya ji ya ba mai safa raga? Kakar bana kawai nake so. In ta ƙare ni da kaina zan ajiye. Ba na so a ce fitar da ni aka yi."

Ban taɓa jin ya roƙi wani abu a wurina ba sai ran nan. Shi ya kawo dabarar. In tsaya bayan turken hagu, in riƙa gaya masa abin da ke tafe ta nan. Kowa a bayan raga surutu yake yi, ba wanda zai lura. Muka tsayar da kalmomi kaɗan: "bakwai na tafe", "mutum a turke", "fito", "tsaya". Na amsa. Ban kwana ina tunani ba, a nan take na amsa.

A Bajoga muka gwada. Abin ya yi aiki har ya ba ni tsoro. Ina cewa "fito" sai ya fita ya cafke ƙwallo a kan ɗan gabansu. Ina cewa "mutum a turke" sai ya ja da baya ya rufe. Muka ci ɗaya da nema. A hanyar dawowa aka yi ta buga ganga, ana cewa gola ya dawo. Ni kuwa muryata ta dishe, ina ta murmushi ni kaɗai. Dole in faɗi gaskiya: daɗi na ji. Na ɗauka wani abin kirki nake yi.

Wasa na uku a Dukku, aka tashi ba ci. Abin da kawai ya ɓata wa Koci rai shi ne lamba ukunmu, wato mai tsaron baya ta hagu. Malamin firamare ne, Batangale daga wajen Kaltungo, kowa Ticha yake ce masa. Shi da Yaya tare suka shiga kulob. Ranar Kirsimeti a gidansa muke cin shinkafa, ranar Sallah shi yake riƙe mana ƙafar rago. Mutum ne mai son hawa gaba da ƙwallo, amma a Bajoga da Dukku ya maƙale a baya, dab da raga.

"Ticha, ka hau mana!" Koci yana ihu daga gefe. "Wa ya ɗaure ka a turke?"

"Tsufa ne, Koci!"

Aka yi dariya, ni ma na yi.

Wasa na huɗu a gida, da wata ƙungiya daga Bauchi. Daga shi sai Koci ya karanta sunaye. A makonnin da muke yawo an gyara filin garin, mun ji labari amma ba mu je mun gani ba. Da na iso bayan la'asar sai na tsaya cak. An kewaye filin da waya mai tsayi. An kafa benci a gefe biyu. Bayan raga kuwa fayau, ba kowa, sai ɗan sanda da kulki a kowace kusurwa.

Na je wurin ɗaya daga cikinsu.

"Ranka ya daɗe, ni ƙanin gola ne. A bayan raga nake tsayawa."

"Ko kai ne baban gola. Yanzu an waye. Koma can."

Yaya yana cikin fili yana ɗumama jiki. Ya hango ni ta waya. Na ɗaga masa hannuwa biyu, alamar ba yadda zan yi. Ina fata ya je wurin Koci ya ce cikinsa na ciwo, ko wani abu. Ya tofa yawu a tafin hannunsa, ya shiga raga.

A zagayen farko hagunsa yana ɓangaren da nake. Na kutsa har kusurwa, na manne da waya ina kwarara ihu. Ban san ko yana ji ba, ganguna sun yi yawa, amma aka tafi hutu ba a ci mu ba. Da aka juya sai hagunsa ya koma wancan gefen fili. Na fara zagayawa. Mutane sun cika hanya maƙil, masu rake, masu gyaɗa, masu kekuna. Ina turawa ana zagina. Ban kai rabi ba aka busa usur.

Ta tsakanin kawunan mutane na gani. Lamba bakwai ɗinsu ya ɗago ƙwallo sama zuwa bakin raga. Yaya ya gan ta da idon dama, ya fito da gudu, ya yi tsalle da gwiwa a gaba da dunƙulen hannu, yadda ya saba. Ta hagunsa kuma Ticha ya taho da nasa gudun, idonsa a sama, zai sa mata kai. Na buɗe baki na ce "tsaya". Ko na kusa da ni bai ji ba.

Ƙarar kuwa kowa ya ji ta. Ganguna suka yi shiru.

Ticha yana kwance, ƙafa ɗaya a lanƙwashe, ba ya motsi. Yaya ya sauko a tsaye. Ya duba dama, ya duba gabansa, yana neman abin da ya buge. Sai da ya juya jikinsa duka sannan ya ga wanda ke ƙasa. Ya durƙusa. Jini yana fita ta bakin Ticha, haɓarsa ta karkace gefe kamar ba tasa ba. A kan wani benci aka fitar da shi. Ba a ƙarasa wasan ba.

Washegari da yamma muka je asibiti, ni da Yaya. Muƙamuƙin Ticha ya karye wuri biyu, an ɗaure masa baki da waya, likita ya ce zai yi watanni bai tsaya gaban aji ba. Matarsa tana zaune a bakin gado da kwanon kunu. Koci yana tsaye jikin taga. Yaya ya gaishe su. Ya tsuguna a gaban gadon.

Ticha ya yi wa matarsa alama. Ta miƙo masa littafin rubutu na 'yan makaranta da fensir. Ya rubuta a hankali, ya miƙa wa Yaya. Yaya allo kawai ya yi, bai iya boko ba, sai ya miƙo mini.

"Karanta."

Na fara karantawa da ƙarfi kafin in gane abin da ke ciki.

"Na sani tun Kumo. Shi ya sa nake tsayawa kusa da kai. Jiya na ga Tela ba ya bayan raga, na ce to saura ni. Kada ka damu."

Na tsaya da littafin a hannu. Makonni uku muna aiki ɗaya ni da mutumin nan, shi a cikin fili, ni a waje, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa. Da ɗayanmu ya yi wa ɗaya magana, da Yaya ya san akwai mutum a nan.

"Ya san me?" in ji Koci. Ya dube ni, ya dubi Yaya. "Me ya sani tun Kumo?"

Yaya ya miƙe. Ya sa tafin hannu ya rufe idonsa na dama.

"Koci, yanzu haka ba na ganin ka. Ba na ganin kowa a ɗakin nan."

Koci ya matso daga jikin taga. Ya cire hularsa ya mayar.

"Wasa huɗu," ya ce. "Wasa huɗu ina tsaye a gefe kamar kututture."

"Ka ba yaron raga," in ji Yaya. "Ya iya."

"Ai ba sai ka faɗa ba."

Matar Ticha ba ta dubi Yaya ba. Ni ta duba.

"Baba Tela, kai ma ka sani?"

Haka take kirana saboda ni nake ɗinka wa 'ya'yanta kayan makaranta.

"Na sani, Mama."

Ta gyaɗa kai. Ta ɗebi kunu a ƙaramin cokali, ta shiga ɗura wa mijinta ta gefen baki, tana share abin da ya zubo. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ran Asabar Koci ya karanta sunaye, babu na Yaya, babu na Ticha. Ba mu je ba, labari aka kawo mana. Yaya bai sake shiga filin nan ba, ko kallo.

Amma ranar da muka fito daga asibitin, a ƙasa muka taka zuwa gida. Rana ta yi sanyi, motocin yashi suna ta wuce mu. Ina tafe ta hagunsa, tsakaninsa da titi, ban ma lura ba. Mun kusa kwanar kasuwa ya tsaya.

"Tela, kana nan?"

"Ina nan, Yaya."

"Dawo ta nan, inda zan gan ka."

Na zagaya na koma damansa, muka ci gaba da tafiya.