Buhu Uku da Na Ƙara

Jiya na ga akori-kura ta durƙusa da kaya, sai marigayi kawuna ya faɗo mini a rai. Zamanin Turawa, gyaɗa muke kaiwa tashar jirgin Malam Madori a motarsa. Yakan ce, "Jaki in kaya sun yi masa yawa kwanciya yake, mota ba ta gaya maka."

Ranar da ya ƙara wa motar sifirin, ƙarfen da ke tallafe nauyi, na ɗora ƙarin buhu uku a ɓoye. Muna shiga fadama ƙafar baya ta nutse. Tsohon nan ya naɗe wando, ya shiga taɓo mai wari yana sauke kaya. Da ya zo kan ukun nan, ya dube ni ya ce, "Kama mini, ɗana."

Har ya rasu ban ba shi haƙuri ba. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya sauke masa kowane nauyi.