Tinyar Inna

Ban taɓa shuka abin da ya wahalar da ni kamar tinya ba. Na yi shekara da shekaru ina noman rani a wajen Sandamu, amma ɗan icce mai ƙaya ya kusa sa ni kuka.

Shekarun baya ne, lokacin da idon mahaifiyata ya fara rauni. Ita ba 'yar ƙasar Daura ba ce, daga wani ƙauyen duwatsu can kudu aka kawo ta aure. Kullum zancenta tinyar bayan gidansu: jiki kamar toka, kauri kamar damtse, ƙaya ɗai-ɗai, ganye sai can a kai. Mu nan aguwa muka sani a shingen gona, tinya sai dai labari. Ta ce tana so ta ƙara ganinta kafin idon ya rufe. Na roƙi abokina mai jan motar shanu zuwa kudu, ya zo mini da reshe uku a buhu. Ya ce in kiyayi farin ruwan jikinta, in ya shiga ido sai dai Allah.

Na dasa na farko a ranar, yadda nake dasa tumatir. Takin akuya, ruwa safe da yamma. Kwana goma ya ruɓe daga gindi. Na ce taki ne ya yi kaɗan, na ƙara wa na biyu. Shi ko sati bai yi ba. Maƙwabta suka sa mini suna mai lambun ƙaya, har a masallaci ana tambayata yaushe za a fara girbi.

Saura ɗaya. Abokina kuma ya bar wannan hanya, ba mai sake kawowa. Na je na tsuguna a ƙofar ɗakinta na ce, "Inna, abin nan ya ƙi ni."

Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana. Ta ce, "Kai wannan, ka tambaye ni? Ina jin ƙarar bokitinka kullum. Wa ya taɓa ba ta ruwa a garinmu? A tsagar dutse take fitowa."

Ta sa na ajiye reshen a inuwar rumbu sai da bakin yankan ya bushe ƙamas. Sannan na samo tsohuwar randa mai hujin gindi, na zuba sakaina da tsakuwa da yashi, na kafa shi, na ajiye a bayan rumbu. Ta ce in tafi in ba shi wuri.

Nan wahalar take. Mutumin da ya saba da ban-ruwa a ce ya tsaya yana kallon shuka a busasshen yashi. Sai in zo wucewa da buta, hannuna ya karkata da kansa, in ji ta yi gyaran murya daga ɗaki. Da damina ta faɗi, duk hadarin da ya taso sai na kinkimi randar nan zuwa rumfa, har yau bayana bai yafe mini ba. Ran nan na karya wata ƙaya, na manta na sosa ido. Kwana biyu ina yawo da ido kamar ƙwan agwagwa.

A tsakiyar daminar ganye ya fito a kai, guda biyar. Na ɗauki randar na dire a gaban Inna cikin rana. Ta kawo fuska kusa, ta daɗe, sannan ta bi da yatsa tsakanin ƙayoyin ba tare da ko ɗaya ta soke ta ba. Ta ce, "Ita ce." Bayan jimawa ta ƙara da cewa ashe ina jin magana.

Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta. Tinyar yau ta kai ƙirjina, kuma duk yankinmu ban san wani mai ita ba. Masu yi mini dariya su ne ke zuwa kallo. Ban yi karatu ba, amma na gane ba kowane abu ke son irin kulawar da ka iya ba, wani sai ka tambayi wanda ya san shi. Ina alfahari da ita fiye da duk albasar da na taɓa nomawa, don idon Inna bai rufe ba sai da ya gan ta.

Ranar da ta taɓa ta ɗin nan, ta ce kada in mayar da randar bayan rumbu. Washegari da sassafe na kwaɓa ƙasa na yi wa Inna ɗan dakalin zama a gefen randar, daidai inda hantsi ke sauka.