Kawu Idi da hancin Gwaggo

Duk wanda ya san Kawu Idi, yayan innata, ya san ba ya karyawa sai ya buɗe kapo, murfin injin motarsa. Tsohuwar a-kori-kura ce mai shan esansi, wato fetur, ya laƙaba mata suna Gwaggo. Zai ciro filtir ɗin iska, ya tsoma yatsa a kwalbar man gyaɗa ya shafe shi tas, ragowar ya dangwala a nasa hancin. In ka yi magana ya ce, “Hanci ai hanci ne. Yashin Guci bai san na ƙarfe ba.”

Ita kuwa Gwaggo ciwonta ɗaya: da Kawu ya ɗaga ƙafa daga totur sai ta yi tari ta mutu. Maimakon ya nemi magani, sai ya daina tsayawa. Fasinjan Kwaya sun san ƙa'ida: ka jefa buhun gyaɗarka tukuna, ka bi shi da bismilla. Gaisuwar mutuwa ma ta taga yake wurgo ta, kafin a ce amin ya sha kwana. Jandarmomin hanya tun suna hura usur har suka gaji, da sun jiyo tarin Gwaggo sai su sauke igiya su matsa gefe.

Ni na lallaɓa shi muka kai ta garejin Ilu makanise a Magariya, abokinsa tun na ƙuruciya. Ilu ya kwance wani ɗan akwati a bayan filtir, ya ce sunansa debimetir, shi ke auna iskar da inji ke shaƙa. Ya nuna mana siririyar wayar ciki, mai da yashi sun dame a kanta kamar tunkuza. Ya ce a wanke, a sa sabon filtir, a bar shafa mai. In kuma ta mutu a daji, a zare fulogin akwatin, za ta lallaɓa zuwa gari.

Kawu ya dube shi sama da ƙasa. “Ilu, a ina ka taɓa ganin an cire wa mutum hanci don ya yi numfashi?”

Ya rufe kapo, ya rufe zumunci. Daga ranar laifi ya koma kan buji mai ba inji wuta, kan esansin kwalba, har kan gulmar fasinja, amma ban da man gyaɗa. Abin haushin, garejin yana bakin kasuwa, inda dole a rage gudu, kuma nan Gwaggo ta fi son mutuwa. Sai Kawu ya sauko da isa, ya sayi goron da ba ya ci, ya ce dama shi ya kawo shi. Ilu na zaune, su yi kamar ba su ga juna ba. Shekaru suka tafi a haka, kuma na san abin yana cin su duka biyun.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da Kawu bara, ya rantse ba zai shiga motar kowa zuwa asibiti ba sai Gwaggo. Muka shimfiɗa masa katifa a baya, na kama sitiyari. Tsakanin Guci da Magariya, cikin rairayi da zafin rana, garken shanu ya ratsa hanya, na taka birki, Gwaggo ta mutu. Na yi ta murza makulli a banza, shi kuwa numfashinsa sai sama yake. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Can na ji yana ƙwanƙwasa gilas.

“Lawali, zare mata abin nan da wancan mutumin ya ce.”

Na zare. Ta tashi, tana hayaƙi tana gunaguni, har ƙofar likita.

Washegari Ilu ya zo dubiya, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula. Kawu ya yafito shi, ya kama hannunsa mai baƙin mai, ya daɗe bai saki ba.

“Ilu, man gyaɗar ne.” Ya nisa. “Amma fa mai kyau ne, ba gauraye.”

Ilu ya fashe da dariya, dariyar ta koma kuka. Bai bar gefen gadon ba har Kawu ya cika, da shi aka yi masa wanka.

Allah Ya jiƙan Kawu Idi, Ya yafe masa taurin kai, Ya sanyaya makwancinsa. Wallahi muna kewarsa.