Askar Ɗangiwa a Cikin Tukunya

Na'iya wanzami ne ɗan wanzami, a wani ƙauye kusa da Kebbe. Duk namijin da aka haifa a gidansu, askar ubansa Ɗangiwa ce ke fara taɓa kansa ranar suna. Da ita aka aske Na'iya, da ita ya aske ɗansa Siddiƙ. Ƙotarta a naɗe take da fata, ta yi baƙi, ta lotsa daidai inda babban yatsan marigayin yake zama.

Na'iya da kansa ya kai Siddiƙ boko. Yaro ya yi karatu, ya zama ma'aikacin lafiya a Tambuwal. Sai ga shi yana bin ƙauyuka a babur, yana gaya wa mata kada su bari a cire wa jarirai beli, kada a aske mutum biyu da ƙarfe ɗaya. Mata kuwa suka ji. Aka daina aiko wa Na'iya goron suna, zabirarsa ta koma rataye a bango. Bai taɓa ce wa ɗan nasa uffan ba.

Da labari ya zo Ikram, matar Siddiƙ, ta haifi namiji, sai tsoho ya sauke zabira, ya wasa askar. Ranar suna ya hau kabu-kabu, hanya tana jijjiga shi, zabira rungume a ƙirji.

Siddiƙ ya tare shi a zaure.

"Baba, na sawo reza sabuwa."

"Reza? Da abin yankan farce nika aske jikana?"

"Wagga aska kai nawa ta taɓa? Ba ni iya bari."

"Naka na ciki. Mi ta yi maka?"

Sai tsohon ya dafa bango, ya durƙusa a gaban ɗan cikinsa.

"Tun da ka raba ni da sana'ata ban roƙe ka komi ba. Ba beli, ba tsaga. Gashi kaɗai, Siddiƙ."

Siddiƙ ya yi maza ya ɗaga shi, yana waigen ƙofa kada baƙi su gani.

"To, Baba, amma sai an dafa ta."

Aka jefa ta tukunya. Na'iya na tsaye ruwa ya tafasa, fatar ta kumbura, ta warware, ta taso sama. Abin da aka miƙo masa ƙarfe ne tsirara, siriri. Yatsansa ya lalubi gurbin nan, babu.

Aka kawo jariri. Na'iya ya yi bisimilla, ya kai askar kusa da maɗiga, inda fata ke bugawa a hankali. Ƙarfen ya juya a hannunsa. Ya janye, ya goge tafinsa a riga, ya sake. Ƙarfen ya kuma juyawa. Mutane sun zuba ido. Tunda yake bai taɓa yankan ɗan kowa ba, ba kuwa zai fara da wannan ba.

Ya kwantar da gefen askar a kan yaron, ya ɗauke.

"Ɗauko rezarka," ya ce wa Siddiƙ. "Kai aske shi."

Ana ta addu'a a zaure ya zagaya madafa, ya tsamo fatar daga tukunya, ya matse ta, ya sa aljihu.