Kwalaben Da Na Kasa Fasawa

Kafin in shiga gidan yari, yarinya ce ni mai shiru-shiru, mai son karatu da kallon taswirar duniya. A Na'ibawa na tashi. Mahaifina ya yi aiki a wata masaƙa a Bompai har aka rufe ta, bai jima ba ya rasu, ya bar ni da Umma. Na gama kwaleji da sakamako mai kyau, ina ɗan rubuta waƙoƙi, kuma ba a taɓa kama ni da ɗaukar ko allura ba. Na fara da wannan ne, ƙannena, don ku san cewa mai kunya ma yana iya lalacewa.

Da zaman gida ya yi tsawo, wani tsohon abokin mahaifina ya samo mini aiki. Sunansa Baba Bitrus, mutumin Filato ne, tare suka yi masaƙa. Bayan rufewarta ya koma kuku a wani gidan abinci a Bompai, inda masu masana'antu da baƙinsu suke cin abinci. Da kansa ya zo gidanmu, ya tsaya a ƙofa ya ce wa Umma: "Hajiya, ki ba ni ita. Inda nake tsaye nan za ta tsaya." Na gaya wa Umma aikin goge kofuna ne. Ban gaya mata abin da ake zubawa a kofunan ba.

A bayan ɗakin cin abincin akwai wani ɗaki mai sanyi, mara taga. Nan ake ajiye giyar inabi daga ƙasashe daban-daban, kwalabe a kwance jere-jere kamar masu barci. Akwai ja daga Faransa da Italiya, fara daga Afirka ta Kudu, wata daga Lebanon da mai gidan yake ji da ita. Akwai kuma shamfen, mai kumfa, wadda ake naɗe wuyanta da takarda mai ruwan zinari, a ɗaure murfinta da waya. Ban taɓa ɗanɗana ko ɗigo ba, har yau. Hotunan jikinsu ne suka ɗauke mini hankali. Gonakin inabi a gindin tsauni, wani gida mai jan rufi, wata hanya da ta bi ta cikin bishiyoyi ta ɓace. In ina share ƙura, sai in tsaya ina karanta sunayen garuruwa a hankali, ina jin kamar na taɓa tafiya a kan hanyar nan.

Madam, matar mai gidan, tana da doka. Duk kwalbar da aka shanye, a fasa ta a cikin duro a bayan kicin, a ƙone murfin. Ni aka ɗora wa wannan aiki, ba a kuma faɗa mini dalili ba. Na yi ta fasawa har ranar da wata koriyar kwalbar shamfen ta zo hannuna. Rana ta haske ta, sai na ga launinta kamar ruwan rafi a ƙarƙashin inuwa. Na ɗaga ta, hannuna ya ƙi. Na sa ta a jaka na kai gida, na wanke ta, na ajiye a bakin taga, na ce wa Umma ta lemo ce. Bayan ita wasu suka biyo.

Wanda ya lura da ni shi ne Ɗan'asabe, mai kawo mana ƙanƙara, mutum mai fara'a da yawan barkwanci. Wata rana ya ga ina cusa kwalba a jaka, ya yi dariya.

"'Yar boko, ashe ke ma kin san abu mai kyau. Me za ki yi da ita?"

"Kallo kawai," na ce.

"Kallo ba ya cika ciki. Kawo ta nan har da murfinta da wayarta, mata ne ke saye su zuba man gyaɗa."

Na san ba a zuba man gyaɗa a kwalbar da ake neman murfinta da wayarta da takardar wuyanta, amma ban tambaya ba. Abin da ya ba ni ya sayi maganin hawan jinin Umma, na ce a raina ai shara na sayar.

Bayan wani lokaci ya kai ni wani tsohon sito a Sharada, a bayan wata masana'antar da ta daina aiki. Na ga kwalabena a jere, an cika su, an mayar da murafe, an liƙe takardar zinari tsaf. A gefe ga jarkoki marasa suna, warinsu kamar na shagon fenti. Ya ce abin da yake so ƙarami ne, tunda makullin ɗakin sanyi a hannuna yake: in fito masa da na gaske, in jera nasa a gurbinsu.

Na ce ina tsoro, baƙi za su gane. Ya ce: "Jar giya ce ake ɗanɗanawa, a juya kofi, a shinshina. Ba ruwanmu da ita. Shamfen kuwa wa ke shan ta? Girgizawa suke, su fesa wa juna, su ɗauki hoto." Sai ya ƙara: "Kuma ke, masu shan giya kike tausayi? Masu kuɗi ne fa, haram suke saye. In kin cuce su ma lada za ki samu."

Wannan maganar ce ta kwantar mini da rai, kuma ita ce mafi muni a duk abin da na yarda da shi. Na raba mutane gida biyu, na sa wasu a inda cutarsu ba ta da nauyi. Na fara musanya. Wata ya bi wata, ba wanda ya yi ƙorafi. Na sayi sabbin atamfofi, na daina karanta sunayen garuruwa, na koma duba ko gam ya fito a wuyan kwalba.

Ranar wata Lahadi da rana, ana dab da Kirsimeti, wani mai kamfanin robobi a Challawa ya yi wa matarsa bikin zagayowar haihuwa. Aka fito da shamfen da yawa, kusan duk na Ɗan'asabe ne, daga sabon kayan da ya kawo. Kamar yadda ya faɗa, suka fesa, suka yi hoto, suka ɗan kurɓa, suka tashi suka bar kwalabe rabi-rabi. A gidan kuwa akwai al'ada: abin da baƙi suka rage, ma'aikacin da ke sha yana iya ɗauka.

Ina goge kofuna na ga Baba Bitrus yana haɗa ragowar a kwalabe, yana toshe su da leda. Ya juyo yana murmushi.

"'Yata, kar ki kalle ni haka. Shekara da shekaru ina dafa wa masu shan wannan abu, ban taɓa sanin daɗinsa ba. Bana ni da matata, Mamanki Rahila, za mu zama Turawa."

Na buɗe baki. Kalma biyu ce kawai, in ce "Baba, bari." Amma zai tambaye ni dalili, dalilin kuwa ni ce. Na ce a raina ai giya ce mai araha, iyaka ta sa shi ciwon kai. Abin da ya fito daga bakina shi ne: "A sha lafiya, Baba." Har na riƙe masa jaka ya saka su.

Matarsa, Mama Rahila, ta kurɓa sau ɗaya ta ce ɗaci gare ta, ta bar masa. Shi ya shanye, don kada abu mai tsada ya lalace. Washegari ya tashi da amai da ciwon kai, aka ɗauka zazzaɓi ne. Kafin a kai shi asibiti ya fara cewa ɗakin ya cika da hayaƙi, a buɗe taga. Taga a buɗe take. Likitoci suka ceto ransa, amma suka ce sinadarin masana'anta ne aka haɗa a ciki, ya ƙone jijiyar idanunsa.

Zan so in ce da kaina na je na tona asirina, amma ba haka aka yi ba. Mama Rahila ta kawo kwalbar a leda ta dire a gaban Madam, aka kira hukuma, aka bincika ɗakin sanyi. Aka tambayi wanda ke riƙe da makulli. Da aka je gidanmu, kwalaben da na kasa fasawa suna nan a bakin taga. Umma ta dube su, ta dube ni, ta ce: "Na lemo?" Ɗan'asabe ya gudu, sai daga baya aka kamo shi. A kotu na amsa laifina, aka yanke mini shekaru.

Ba zan ba ku labarin gidan yari da yawa ba. Akwai zafi, akwai cunkoso, akwai kuɗin cizo, mutum yana sabawa da su. Abin da ban saba da shi ba shi ne rufe ido. Duk sanda na rufe, sai in tuna ni ina iya buɗewa. Umma takan zo da ƙuli-ƙuli da sabulu, tana ƙara ramewa a kowane zuwa. A can na koyi ɗinki, a can kuma na koyi yin sallah ba tare da gaggawa ba, ina roƙon gafarar Allah, ina sane da cewa haƙƙin mutum sai mutumin ya yafe.

Da aka sake ni, na yi makonni ina jan ƙafa kafin in nufi Dakata, unguwar su Baba Bitrus. Na same shi zaune a kan benci a ƙofar ɗakinsu, tireloli na wucewa, yana juya kai yana bin ƙararsu. Ya tsufa ƙwarai. Na yi sallama.

"Ke ce?" ya ce. "Matso. Kin rame, daga muryarki na ji."

Na durƙusa na ce: "Baba, ku yafe mini."

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata. Sannan ya ce: "Musanyar kwalba ban riƙe ki da ita ba, yaro yakan yi wauta. Abu ɗaya nake ta juyawa a duhun nan. Kina tsaye, kina kallona. Me ya hana ki ce in bari?"

Na ce: "Tsoro, Baba. Na fi jin tsoron a san ni da in ga kun cutu."

Ya gyaɗa kai. "To, gara da kika faɗi gaskiya. Na yafe, saboda Allah da kuma mahaifinki. Amma idon ba zai dawo ba, 'yata. Wannan sai mu ɗauke shi tare."

Mama Rahila ba ta amsa gaisuwata ba ranar, har yanzu ma sama-sama take amsawa, ban kuma ga laifinta ba. Ƙafafunta sun yi rauni, don haka duk Lahadi nakan hau keke mai ƙafa uku daga Na'ibawa in je in kama hannun Baba, in kai shi bakin ƙofar coci, in zauna a inuwa har su tashi. A hanya yakan ce in faɗa masa abin da nake gani, ni kuma in yi ta faɗa: mai lemo ya fito, an yi wa shagon kusurwa fenti, jikarsa ta yi tsawo.

Ƙannena, ga abin da nake roƙonku. In an kafa muku doka a wurin aiki, ku tambayi dalilinta kafin ku karya ta. In wani ya ce muku waɗancan mutanen ba komai ba ne in an cuce su, ku tashi daga wurin, domin ba ku ke zaɓar bakin da gubar za ta shiga ba. In kuma kun riga kun faɗa, sannan kuka ga wani zai cutu a gabanku, ku yi magana nan take, ko da za a kama ku. Kunyar da na guje wa a kicin ta same ni duk da haka, ta haɗa da ɗauri. Ni na gama nawa wa'adin na fito. Baba Bitrus bai saci komai ba, kuma nasa ba shi da ranar fita.