Ƙwallayen da Na Kulle wa Malam Tasi'u

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Tasi'u ya rasu.

Yau da safe ina ƙoƙarin tura babur zan tafi makaranta, waya ta yi ƙara. Yayansa ne, Alhaji Ubale. Ya ce, "Hedimasta, sai haƙuri, ɗan'uwanka ya cika da asuba." Zama na yi a ƙasa, nan bakin zaure.

Zazzaɓi ne na kwana huɗu. Na ji labarin yana kwance, na ce sai Juma'a zan leƙa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Tasi'u shi ne malamin motsa jiki a firamaren da nake shugabanta, a ƙauyukanmu na bayan Ɗambatta. Shekara tara muna tare. A ofishin malamai "Malam Wasa" muke ce masa, kuma ni na laƙaba masa sunan. Dariya yake yi ya ce, "Ai gara ni, yara murna suke in sun hango ni."

Duk ranar da wani malami bai zo ba, darasin Malam Tasi'u nake sokewa in tura shi riƙon aji. A ganina motsa jiki ai ba karatu ba ne. Bai taɓa yi mini musu ba.

Lokacin da na faɗi a babur na yi targaɗe, shi ya riƙa zuwa gidana a keke yana ja mini ƙafa, har sati biyu. Ina ihu yana cewa, "Haba Hedimasta, 'yan aji ɗaya ma sun fi ka dauriya."

Da shekarun nan suka yi tsanani, abinci ya gagari gidaje, sai ya sauya tsari. Kafin a fara wasa yakan tambaya, "Wa ya karya yau?" Duk wanda bai ɗaga hannu ba sai ya naɗa shi alƙalin wasa, ya zaunar da shi a inuwar darbejiya, don kada ya yi gudu da yunwa ya faɗi. Yaran ɗauka suke girma aka ba su.

Akwai ranakun da alƙalai suka fi 'yan wasa yawa.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni.

Shekara uku da suka wuce aka kira malaman motsa jiki bita a Kano. Da aka tashi aka ba kowa kwali na makarantarsu. Nasa a cinya ya riƙo shi cikin bas, bai yarda an ɗora a but ba. Ya shigo ofishina baki har kunne, ya buɗe mini: ƙwallo shida sababbi a leda, igiyoyin tsalle, raga, da famfon hura iska.

Na sa hannu a takarda, na cusa kwalin a kabad, na murɗa makulli na jefa a aljihu.

Ina da hujjoji, ba shakka. Filinmu ɗan mitsitsi ne, gonaki sun matse shi ta kowane gefe. In ƙwallo ta faɗa gona, yara talatin za su bi ta su karya wa mutane dawa, washegari ni za a zo wa da ƙorafi. Ga ƙaya. Ga masu duba makarantu, in sun zo suna son ganin kaya cif yadda aka kawo.

Da damina in ce masa, "Bari a cire amfanin gona." In an cire in ce, "Bari a kwashe kara." In rani ya yi in ce, "Bari masu dubawa su zo su gani tukuna."

Sau biyu suka zo. Sau biyu na buɗe musu kabad, suka yaba mini da iya adana kayan gwamnati. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce, yabon nan ya yi mini daɗi. Shi ya sa ban buɗe wa yara ba.

Shi kuwa ya ci gaba da ƙwallon tsumma da yake cusawa cikin tsohuwar safa ya ɗinke. Igiyar tsallen 'yan mata da rama yake tufka ta, da hannunsa.

Haɗuwarmu ta ƙarshe Alhamis ɗin da ta wuce ce, a bakin ofis, an tashi tara. Ya tsaya da usur a wuya, ya sunkuyar da kai kamar mai roƙon alfarma. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ko guda ɗaya ce a fito mana da ita. 'Yan aji shida sun kusa fita, ba su taɓa buga ƙwallo mai iska ba. Ni zan tsaya ta wajen gonar, ba za ta wuce ni ba."

Makullin yana aljihuna. Ina jin sa a cinyata.

Na ce, "Malam Wasa, kai dai ba ka gajiya. Gero ya fara kai, bari a yi girbi."

Ya ce, "To, Allah ya kai mu." Ya koma wajen yaransa.

Ɗazu bayan mun dawo daga maƙabarta, Alhaji Ubale ya riƙe hannuna a gaban mutane. Ya ce, "Hedimasta, mun gode. Kullum yabonka yake. Ya ce makarantu da yawa an yi awon gaba da kayansu, amma kai ka riƙe wa yara amana, ko allura ba ta ɓata ba."

Ashe abin da yake faɗa a gida ke nan. Asirina yake rufawa.

Na fashe da kuka. Jama'a suka ɗauka kukan rashi nake yi, alhali rabinsa kunya ce.

Daga can makaranta na wuce. Na buɗe kabad. Gara ta cinye gindin kwalin, ɓera ya yi kaca-kaca da ragar da igiyoyin. Ƙwallayen sun lotse, fatar ta tsattsage. Na ɗauki wadda ta fi kyan gani na kai wa mai faci a bakin titi. Ya sa mata iska, ya kara a kunnensa, ya miƙo mini. Ya ce, "Malam, wannan ai ta mutu a ajiye. Da ana buga ta da ba ta yi haka ba."

'Yan'uwana shugabannin makarantu, na san ba ni kaɗai ba ne. In akwai kwali irin wannan a ofishinka, don Allah gobe ka kira malamin ka damƙa masa makulli. In ƙwallo ta fashe a ƙafar yaro, ta yi aikin da aka kawo ta yi.

Ya Allah ka jiƙan Malam Tasi'u, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci. Yadda ya tausaya wa yaran mutane ranar da suka fito babu karin kumallo, ka tausaya wa nasa marayun, ka ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a, ko Ƙulhuwallahu uku ce.

Ni ma ku sa ni a ciki. Ku roƙa mini Allah ya sa Malam Tasi'u ya yafe mini kafin ya tafi, domin ban taɓa neman yafiyarsa ba, yanzu kuma babu wanda zan tambaya.