Ƙarar Injin da Ke Riƙe da Ƙanena

Ƙanena ya faɗi a filin ƙwallo a Rillieux, wani gari can kudu da Paris, ran wata Lahadi da hantsi. Masu agaji suka yi ta danna masa ƙirji, suka sa masa lantarki, zuciya ta ƙi tashi. A asibiti aka huda masa cinya, aka zura robobi biyu masu kaurin yatsa. Ɗaya na fid da jini zuwa wani inji, injin ya ba shi iska, ɗayar ta mayar da shi jiki. Da na iso daga Montreuil, inda nake zaune a gefen Paris, wata likita ta ce mini injin ne zuciyarsa yanzu, sai a jira a ga ko tasa za ta farfaɗo.

Abu ɗaya na roƙi dangi: kada Inna ta ji. Tana Damagaram da hawan jini, kuma a wurinmu ba a jefa wa uwa irin wannan labari ta waya. Manya ke zuwa su zauna, su fara da "jikin ya ɗan matsa."

Washegari kawunmu ya sauko daga Paris, an sha babbar riga da turare kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya tsaya a kan yaron, ya ce, "Zuciya ta tsaya? To ai shi ke nan, nasara ne kawai ke wahalar da gawa." Na fita wanke fuska. Kafin in dawo ya ɗauki hotonsa, baki buɗe, jini na tafiya cikin roba, ya tura zauren 'yan garinmu na waya da innalillahi a ƙasa.

Na koma bakin gadon. Ƙafar yaron da ɗumi, na taɓa ta. Amma mutane sun shiga gasar aiko da hoton hawaye, har da masu tambayar ranar da za a kai gawa gida. Kawu kuwa yana baranda yana karɓar gaisuwa, muryarsa har daɗi take yi.

Da azahar Inna ta kira. Ta ce an riga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

"Inna, bai mutu ba."

"Kada ki lallashe ni. Na ga hoto."

Ban da abin da zan nuna mata. Na kara wayar a jikin injin, yana ta gunjinsa a hankali. Na ce, "Kin ji? Jininsa ne ke zagayawa."

Ta kasa kunne. Can ta ce, "To bar ni a nan. Kada ki kashe."